Kafin Ki Dawo Kurfai Da Alƙalami

Ɗiyata, na ji kin zaɓi karatun nazarin al'adun al'umma a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma kina son ki dawo Filinge ki yi bincikenki. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ki sani an riga ki rubuta Kurfayawa, kuma ya kamata ki duba yadda aka rubuta mu.

A 1925 wasu baƙin iskoki suka hau wata mata a Shikal mai suna Shibo, iskokin da muke kira Babule, wasu kuma suke cewa Hauka. Iskokin suna fareti, suna sara wa juna kamar sojan Nasara. Matasa suka bi ta, suka juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kumanda Croccichia ya kama su, ya kulle a Yamai. A idon hukuma, tsageru ne kawai. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki 'yan Hauka a fim a birnin Akara, duniya ta ga kumfa a baki da naman kare, har ran 'yan Afirka da suka fara kallonsa a Paris ya ɓaci. A 1975 kuma masanin tarihi Finn Fuglestad ya fassara al'amarin da cewa bore ne ga Nasara da sarakunansu. Kowa ya faɗi nasa. Ita Shibo fa, me ta ce? Muryarta ce ta fi ƙaranci a takardun nan, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Amma kada ki yi saurin yanke wa Rouch hukunci, don akwai halinsa da nake so ki ɗauka. Ya koma Ayoru da fim ɗinsa na farautar dorina, ya nuna wa masuntan da ya ɗauka. Suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Bai yi musu gardama ba, ya cire. Ke ma in kin gama rubutunki da Faransanci, ki zo ki karanta wa masu labarin da Hausa tun kafin malamanki su sa hannu, ki bar su su gyara ki.

Zamanki 'yar gida zai buɗe miki ƙofa, zai kuma rufe wata. Tsohuwa za ta ce ai kin sani, alhali ba ki sani ba. Wani kuma zai yi shiru don ya san gidanku da tsohuwar rigimar gona. Ki yi tambaya kamar baƙuwa. Ki fara da gaisuwa a fada, amma kada ki tsaya nan: tarihin fada daban ne da na bakin rijiya, kuma Buzaye da Fulani da Zabarmawan Dallol Boso suna da nasu. In kin zauna da 'yan bori, ba wa'azi ya kai ki ba, ba kuma bauta ba. Ki nemi izini kafin ki kunna waya.

Masu proje za su zo da kuɗi, su ce ki cike musu takardun tambayoyi cikin sati biyu. Ki karɓa in buƙata ta kama, amma aikinki na gaske yana son damina da rani. Ki leƙa cibiyoyin bincike na IRSH da LASDEL a Yamai, ki ga yadda na gabanki suke yi. Kuma da yake yankinmu na Tilaberi ba lafiya a shekarun nan, ki ɓoye sunan duk wanda maganarsa za ta iya jawo masa masifa, ko da shi da kansa ya ce ki rubuta.