Yadda Ake Dawo da Akwatin Kayan Aiki Idan Ya Ɓace a Visual Studio

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda kan buɗe Visual Studio da niyyar ƙarasa furojet, sai ya tarar gefen hagun allo wayam. Akwatin da yake jawo maɓalli da gurbin rubutu daga cikinsa, wato Toolbox, ya yi ɓatan dabo. Tun da Microsoft ya fito da Visual Basic a 1991, da wannan akwati ake ƙera fuskar manhaja, shi ya sa ɓacewarsa ke tsayar da aiki cak. Wasu nan take sai su goge Visual Studio su sake saukewa, data ta ƙone a banza, alhali akwatin ɓuya kawai ya yi.

Farko, ana duba ko manhajar da ake rubutawa tana gudana, domin a lokacin gwaji akwatin kan janye. Shift da F5 ke tsayar da ita. Daga nan a danna Ctrl, Alt da X tare, ko a shiga View a zaɓi Toolbox. In ya leƙo ya sake maƙalewa a gefe, akwai ɗan hoton ƙusa a samansa, dannawa ɗaya ke kafe shi.

Wani lokaci akwatin na nan amma ba komai a ciki. Dalili shi ne yana nuna kayan da suka dace da shafin da ke buɗe ne kaɗai. Wanda ke shafin rubuta umarni ba zai ga maɓalli ba sai ya koma shafin zanen fom da Shift da F7. Wanda kuma ya zaɓi Console App tun farko, ba shi da fom ma, sai ya buɗe sabon aiki na Windows Forms.

In har yanzu shiru, a kai linzami cikin akwatin, a danna ɓangaren dama, a zaɓi Reset Toolbox. Abu guda da ya ɓace ana nemo shi a Choose Items. Tagogin da suka hargitse kuwa, Reset Window Layout da ke ƙarƙashin Window ke mayar da kowacce mazauninta.

Ɗaukewar wuta ana tsakar aiki na iya lalata fayilolin da akwatin ke ajiye jerin kayansa, masu ƙarewa da .tbd, a cikin AppData. Ana rufe Visual Studio, a goge su, a sake buɗewa, zai ƙirƙiri sababbi da kansa.

Sai duk waɗannan sun faskara ake buɗe Visual Studio Installer, a tabbatar an saka .NET desktop development, sannan a danna Repair. Wannan matakin na iya cin data da lokaci, don haka a fara kwafe furojet a filashi, a kuma cika batir.