Ikon Ungozomar Asibiti Kan Magani: Inda Ya Fara da Inda Ya Tsaya

Jama'a, ga wata magana da takan tashi a bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Maigida ya kai iyalinsa cikin dare, babu likita, sai ungozoma ta rubuta magani ta ce a sayo. Wani sai ya tsaya yana gardama, wai shi sai likita ya gani. Wani kuma akasin haka yake yi, ya matsa mata lamba ta yi wa matarsa allurar kashe zafi mai ƙarfi, in ta ƙi ya ce rowa ce ko rashin tausayi. Dukansu rashin sani ne ya ja su, shi kuwa rashin sani ya fi dare duhu.

Wace ce ungozomar asibiti?

Ba ita ce ungozomar unguwa mai yanke cibi da wankan jego ba, ko da yake wannan ma tana da mutuncinta. Ta asibiti ta yi makaranta, ta ci jarrabawa, an ba ta lasisi. A Nijeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda doka ta kafa a 1979, ita ke yi mata rajista, ita kuma ke iya ƙwace lasisin in ta wuce gona da iri. Saboda haka ikonta ba na ganin dama ba ne, amana ce mai iyaka.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Amurka, nas ɗin da ta ƙware kan ungozomanci tana da ikon rubuta magani a duk jihohi 50, sai dai wasu jihohin sun ɗaure ta da yarjejeniya da likita. Dokarsu ta 1970 ta kasa magunguna masu sa maye aji biyar, kuma kafin ta rubuta ko ɗaya daga cikinsu sai ta yi rajista da hukumar tarayya mai kula da miyagun ƙwayoyi. A Ingila kuwa, doka ta ware wasu magunguna da ungozoma za ta ba mai naƙuda ba tare da takardar likita ba, har da fetidin, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Darasin da ke ciki ɗaya ne: ko'ina aka ba da iko, an haɗa shi da horo da rubutu da bincike.

Abin da ya halatta gare ta a nan gida

Likitoci sun yi mana kaɗan, musamman a karkara. Don haka aka ɓullo da shirin tura ungozomomi ƙauyuka a 2009, sannan a 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin raba ayyukan lafiya, domin ma'aikacin da aka horar ya ceci rai ba sai an jira likita ba.

A wajen awo, ungozoma kan ba da maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar rigakafin sandarewar wuya. A ɗakin haihuwa kuma akwai magunguna uku da ya kamata kowane magidanci ya san sunansu. Na farko oksitosin, allurar da ake yi da zarar jariri ya faɗo, don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Na biyu misoforostol, ƙwaya ce mai yin wannan aiki inda babu firij, domin oksitosin ba ya son zafi. Na uku magnesiyam salfet, maganin jijjigar masu ciki. In mace ta fara taune-taune, ungozoma za ta yi mata allurar farko nan take, sannan ta tura ta babban asibiti. Wanda ya hana ta wannan aiki don yana jiran likita, da ran matarsa yake wasa.

Amma a kula. Allurar nan da ke tsayar da jini bayan haihuwa, in aka yi ta barkatai kafin ɗa ya fito, wai don a zaburar da naƙuda, tana iya fasa mahaifa. Wannan ya sa ba aikin mai kemis ba ne. Lasisin mai shagon magani bai ba shi ikon yin allura ba.

Magungunan da ke kulle

Akwai wani rukuni dabam: mofin, fetidin, fentazosin da 'yan uwansu. Suna kashe zafi ƙwarai, amma suna kama jiki, kuma in aka yi su daf da haihuwa suna iya danne numfashin jariri. Hukumar NAFDAC ke sa ido kan shigo da su, NDLEA kuma ke farautar masu karkatar da su. A asibiti ana kulle su a kabad na musamman, da littafin da ake rubuta sunan majinyaci da adadin da aka ɗiba da sa hannu. A bisa tsarin asibitocinmu, likita ke rubutawa, ungozoma ta yi allurar ta kuma shigar a littafin. Ba mu manta da ɓarnar da ɗan uwansu kodin ya yi wa matasa da matan aure ba, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya rage gare ku

1. Ku kai mai ciki awo da wuri, ku karɓi abin da ungozoma ta rubuta.
2. Ku tambayi sunan magani da amfaninsa. Haƙƙinku ne, ba raini ba ne.
3. Kada ku kira kowa gida ya yi allurar naƙuda.
4. Kada ku roƙi ma'aikaciya ta fito muku da maganin kulle don zumunci. Lasisinta da abincin 'ya'yanta kuke nema ku salwantar.
5. In ta ce a wuce babban asibiti, ku nemi mota nan take.

Ungozomar da ta ce muku "wannan zan iya, wancan sai likita" ba gazawa ta yi ba. Ita ce wadda ta san aikinta, kuma a hannun irinta ya kamata ku bar iyalinku.