Ƙafafun Mota da Tsayinta Daga Ƙasa: Jan Hankali ga Masu Tsofaffin Motoci

Garin Kontagora mahaɗar hanyoyi ne. Ta nan babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo Jebba da Mokwa take wucewa zuwa Yawuri da Sakkwato, wata kuma ta ɓalle gabas ta nufi Tegina. Ban da waɗannan akwai hanyoyin ƙauyuka na jar ƙasa, waɗanda ruwa ke zaizayewa kowace damina. Mai tsohuwar mota a wannan yanki yakan so ya ɗaga ta don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Buƙatar gaskiya ce, amma yadda ake biyan ta shi ne abin dubawa.

A ɗauki misalin Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin harhaɗa Peugeot na Kaduna kuma ya fara aiki a 1975. A wannan shekara ce 504 ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, ta sake ci a 1978, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. An daina harhaɗa ta, amma har yanzu akwai masu riƙe da ita. Watau dai mota ce da aka auna tsayinta tun farko da muguwar hanya a zuciya. Sau da yawa in aka ga tana dukan ƙasa, ba gajarta ce ta same ta ba. Sifirin ne ya gaji, ko kuwa kaya sun yi yawa.

Saboda haka kafin a ɗaga mota sai a auna ta. A tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya, tayoyi da iska daidai, a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin jikin motar da ke bisanta, hagu da dama. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, sifirin ya kwanta. Maganinsa sabo, kuma a sake na gefe biyu tare, a duba shokazoba a lokaci guda.

Abin da wasu ke yi maimakon haka shi ne cusa guntun katako ko tsohuwar taya a tsakanin murɗin sifirin. Mota takan tashi, ba shakka. Amma sifirin da aka toshe ba ya lanƙwasa, sai dukan rami ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota. Babban haɗarin kuwa shi ne, duk abin da aka ƙara wa mota na tsayi, nauyinta ya ƙara nisa da ƙasa. A ɗora buhunan masara a bisa, a cika fasinja ranar kasuwa, sannan direba ya kauce wa rami da gudu ko ya shiga kwana: motar da a da za ta ɗan karkata ta miƙe, yanzu kifewa za ta yi. Samarin da ke yanke sifirin don mota ta kwanta ta yi kama da ta tsere, su kuma tukunyar baƙin mai suke sayarwa ga dutsen farko.

Game da ƙafa, a tsaya kan girman da kamfani ya rubuta. In an ga 175 R 14 a jikin taya, 175 faɗinta ne da milimita, 14 kuwa girman rim ne da inci. Tayar da ta fi wannan tsayi tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da ake yi, tana kuma iya gogar jiki in an murɗa sitiyari. Rim na wata mota dabam, wanda aka buɗa ramukansa a wurin mai walda don ya shiga, ba ya zama daidai, noti yakan kwance a hanya. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa.

Duk wanda ya sake sifirin ko ya canja tsayin mota, lalle ya kai ta a yi mata saitin ƙafa, a kuma daidaita fitilun gaba kafin ya hau hanya da dare.