Darasi: Firinta Ɗaya Don Jama'a Duka

'Yan'uwa, mun san wahalar da ake sha a Gafasa idan za a buga takardar shaidar baftisma ko rahoton kuɗin ƙungiya. Sai an hau babur zuwa Gaya, kuɗin hanya ya fi na bugun. Shi ya sa wata zumuntar mata da muke aiki tare ta yi karo-karo ta sayo firinta ta hannu a Kano. Da aka kawo ta, ta ƙi aiki da kwamfutar sakatare. Lafiyarta ƙalau, direba ce babu.

Mece ce direba?

Direba ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin kwamfuta da firinta. Idan babu tafinta, kowa na magana amma ba a fahimtar juna. Tsofaffin firintoci da yawa kamfanoninsu sun daina yi musu sabuwar direba. Kamfanin Microsoft ma ya daina kula da Windows 7 a 2020, da Windows 10 a Oktoba 2025.

Matakan da za mu bi

1. Kafin mu biya kuɗi, mu tafi da kwamfutarmu a gwada buga shafi ɗaya a gabanmu. Gani ya kori ji.

2. Idan firintar tana da wayifai ko ramin igiyar sadarwa, mu haɗa ta da rauta. Mu sa wanda ya iya ya ba ta lambar adireshi tsayayya, domin idan wuta ta ɗauke rauta kan canza lambar, kwamfutoci su rasa ta. Mu rubuta lambar mu manna a jikinta.

3. Idan mai igiyar USB ce kaɗai, irin su HP LaserJet 1020, mu haɗa ta da kwamfuta ɗaya mai direbarta, mu buɗe wa sauran hanya ta cikinta. Dole wannan kwamfutar ta kasance a kunne.

4. Idan sabuwa za mu saya, mu nemi mai alamar Mopria ko AirPrint. Waɗannan suna bugawa daga waya ba sai an sa direba ba.

5. Mu ajiye direbar a filas biyu, ɗaya a wurin sakatare, ɗaya a wurin ma'aji.

Mu kula: firinta mai garin tawada tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramar sola ba ta ɗaukarta. Da hunturu kuma mu rufe ta da zane saboda ƙura.

Tambayoyi don tattaunawa

• Wa za mu ɗora wa alhakin kula da firintar? Abin kowa yakan zama ba na kowa ba.
• Nawa za a biya kan shafi ɗaya, domin a samu kuɗin takarda da tawada?
• Wane matashi za mu tura ya koyi haɗin, domin kada mu dogara ga mutum ɗaya?