Darasi: Ɗakin Karatu A Ranar Masifa

A watan Oktoba na 2012, guguwar Sandy ta afka wa birnin New York na Amurka. Ruwan teku ya mamaye unguwanni, wutar lantarki ta ɗauke.

A unguwar Far Rockaway, ɗakin karatu na jama'a ya zama wurin rabon abinci, ruwan sha da rigunan sanyi, domin kowa ya san hanyarsa. Wasu 'yan sa kai kuma suka jera kayan da ake bukata a shafin Amazon, masu taimako daga nesa suka saya, aka kawo.

Abin koyi: intanet kan isar da kukan mabukata, amma rabo sai a wurin da jama'a suka amince da shi. 'Yan'uwa, ku zaɓi naku wurin tun kafin damina, gama ba a fafe gora ranar tafiya.