Nazari a Kan Matsalar Cunkoson Motsi a jQuery

Manufar wannan ɗan nazari ita ce bayyana wata matsala da ke addabar masu gina shafukan intanet da jQuery, wato kayan aikin da John Resig ya fitar a 2006. Sau da yawa akan ga jerin zaɓi yana ta buɗewa yana rufewa, alhali an daɗe da janye linzamin kwamfuta daga kansa. Dalili kuwa, jQuery kan jera umarnin motsi a layi, kowanne yana jiran na gabansa ya ƙare. Maganin abin shi ne a sanya stop(true) kafin animate(), domin ya tsayar da motsin da ake ciki, ya kuma share masu jira. In an yi sakaci, mai ziyara kan ɗauka shafin ya lalace, ya kama gabansa.