Ƙaramin ofishi ma ba ya tsira daga masu kutse

Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu na kusa da Babbar Kasuwar Katsina, ko ofishin wata makarantar kuɗi ko ƙaramin asibiti a Ƙofar Ƙaura, abu ɗaya zai gani: kwamfuta uku ko huɗu, na'urar rarraba intanet a saman kabad, da filashi yana yawo daga hannu zuwa hannu. A cikin waɗannan kwamfutoci ake tara sakamakon jarrabawar ɗalibai, lambobin NIN da BVN na jama'a, da bayanan marasa lafiya. In ka yi wa mai wurin maganar tsaro sai ya ce, "Wa zai yi mini kutse? Ai nan ba banki ba ne." Wannan amsar ta fi komai damuna.

Masu kutse ba sa tambayar sunanka. Manhaja suke saki ta bi intanet tana laluben duk na'urar da aka bari a sake. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta kulle bayanai, ta ce sai an biya kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka ɗage tiyata. Bakatsine ba ya buƙatar a yi masa bayanin kuɗin fansa. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

Mu nan abin ya fi muni. Da yawa Windows ɗin jabu aka ɗora musu, an kuma kashe sabuntawa wai don kada ta cinye data. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Ka sa Windows ta gaskiya, ka bar ta ta riƙa sabunta kanta. Kuɗin datar bai kai asarar bayanan shekara guda ba.

Daga nan sai na'urar intanet ɗin. Juya ta ka duba gindinta, za ka ga suna da kalmar sirrin da ta zo da su daga kamfani, sau da yawa "admin" ce kawai. Canza ta yau. Ka buɗe wa baƙi layin Wi-Fi nasu daban, yawancin na'urorin suna da wannan tsari. Kwamfutar da ake soka filashin kwastoma kada ta haɗu da wadda ake lissafin kuɗi a kanta. Yaron shago in ya bar aiki, a sauya kalmomin sirri a ranar, ko da lafiya aka rabu.

Amma abin da na fi nanatawa shi ne ajiye kwafi. Ka sayi hard disk na waje, ka kwafe muhimman bayanai duk mako, sannan ka zare shi ka tafi da shi gida. Wanda aka bari a jone, cutar tare za ta kulle shi da kwamfutar. Lokaci zuwa lokaci ka buɗe shi ka tabbatar fayilolin suna buɗuwa.

Ka kuma zaunar da ma'aikatanka. Wani zai bugo waya da ladabi, ya ce daga ƙungiyarku ne, ko ana rabon tallafi, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Da an karanta, WhatsApp ɗin ofis ya tafi, sai ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma kada a faɗa wa kowa lambar, ko da ya ce daga banki yake.

Idan ƙaddara ta riga fata, ka cire kwamfutar daga intanet nan take, kada ka yi gaggawar goge ta domin shaida na ciki. Ka kira bankinka, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci. Biyan fansa ba ya ba da tabbacin dawowar komai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan bayanan jama'a da ke hannunka suka fita ta yadda za su iya cutar da su.

Mai makaranta, mai asibiti, mai shago, bayanan nan amanar mutane ce a hannunku. Don Allah kada ku rufe ofis yau ba ku canza kalmar sirrin nan ba.